Awon Albarushi

A Lagdo, bayan kasuwar kifi,
inda iskar ruwa ke lasar ƙarfe har ya yi ja,
nan Kawu Nomau ya bar mini rumfarsa,
da bindiga ɗaya, da ƙwarya cike da kwanson harsashi,
da ɗan ma'auni mai faranti biyu
irin na masu awon zinariya.

Tun yana da numfashi ya ce da ni:
"Albarushi gishirin miya ne, Tanimu.
In ya yi kaɗan, lami.
In ya yi yawa, ba ka sake cin wata."
Da hannun hagu yake nuna ni,
hannun da yatsu uku suka rage masa.

Shekara ta zagayo.
Masakwar Hamajam ta fara fitar da kai,
gadu suka mai da gonar wurin hirar dare.
Na cika kwanso biyar yadda na ga ana yi,
na kwanta a kan tudu, sauro na karɓar zakkarsa.
Na farko ya yi tari kamar tsoho da asuba,
ya faɗi nesa da kofaton dabbar.
Na biyu ya bi sahun yayansa.
Gadun ya ɗaga wutsiya tsaye,
ya wuce bai ko yi sauri ba.
Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Na zargi raɓa.
Na zargi tafkin da ke numfashi a ƙofar ɗakina.
Na hau mota har Garwa
na zazzage wa Abbo mai shago bakina,
ya rantse da kabarin uwarsa kayansa ba algus.
Na dawo na goge bakin bindiga har hannuna ya yi kanta,
na jera kwansunan a rana, ina leƙa su ɗaya ɗaya
kamar mai neman tsaga a jikin ƙwai.
Babu.

Daren nan zuciya ta zo ta zauna kusa da ni.
Ta ce, ƙara ɗan kaɗan mana,
abin da bai fi ƙwayar gero ba,
wa zai sani?
Har na ɗauki cokalin.
Sai na ga inuwar hannuna a bangon zana,
yatsu biyar, cif,
na ƙirga su sau biyu, na ajiye.

Ladingo ce, 'yata, mai shekara bakwai,
da safe tana lasar kokon kunu,
ta ce, "Baba, don me abin nan ke sunkuyar da kai
alhali ba a ɗora masa komai ba?"

Na duba.
Farantin dama ya ɗan rusuna,
kamar yaro mai gaida surukin da bai so.
Na juya shi.
A ƙarƙashi, zanzaro ta gina ɗakinta na laka,
bai kai gujiya ba,
ta liƙe ƙofa, da tsutsa a ciki tana barci.
Wata guda ina auna gidan wata
ina lissafa shi cikin albarushina.

Na kankare shi da farce.
Ma'aunin ya yi lilo, ya yi lilo, ya tsaya
kamar ruwa a kwano.

Hamajam ya riga ya girbe abin da gadu suka bar masa,
dami shida, ya aiko mini da rabin ɗaya, ban san ko gori ba ne.
Ban ce wa Abbo komai ba tukuna.
Ita kuwa zanzaro, yau kwana uku,
tana shigowa da laka a bakinta,
ta kewaya rumfar, ta kewaya kaina,
ta fita, ta dawo.